Mun dawo gida da Umma, ga godiyata da roƙon addu'a ga wani bawan Allah a Marakish

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdu lillahi mun iso gida, jiya da daddare muka shigo Kano, yanzu haka Umma na ɗakinta tana barci an ɗora mata ƙafar kan matashi yadda likita ya ce. Ni ne dai barcin ya ƙi ɗauka, da na rufe ido sai in ji kamar gadon na motsi, shi ya sa na ce bari in tashi in rubuta wannan tun kafin gari ya waye masu zuwa sannu su cika gidan.

Ba sai na maimaita muku labari ba, yawancinku kuna biye da mu tun daren Juma'ar nan 8 ga Satumba 2023 da girgizar ƙasa ta rutsa da mu a Marakish ta ƙasar Maroko Umma ta karye, kun ga hotunan asibiti, kun ji lokacin da aka shiga da ita tiyata aka sa mata ƙarfe a ƙugu, kun san Mauludin bana a masauki muka yi shi tana koyon takawa da sanda mai ƙafa huɗu. Tafiyar da muka shirya ta kwana goma ce, mu yi ziyarar Shehu Tijjani a Fas, mu gangara Marakish ta ga kabarin Alƙali Iyal mai Ashafa da na Shehu Jazuli mai Dala'ilu, don tun ina yaro nake jin tana cewa Allah Ya kai ta ta yi musu sallama. Allah Ya kai ta kuwa, ranar Juma'ar da rana muka gama ziyarar. Abin da ban taɓa ba ku labarinsa sosai ba shi ne inda abin ya same mu, da mutumin da ya same mu a hannunsa.

Wani ɗan gidan abinci ne a lungu, bayan dandalin Jami'ul Fana, ba irin na 'yan yawon buɗe ido mai fitilu da kiɗa ba. Tebur biyar ne ko shida da ledar shimfiɗa, gaban shagon an jera tukwanen tajin kan ƙananan murhun gawayi, kowacce da murfinta mai tsini kamar malfa. Nan direbobi da masu shaguna ke cin abinci, kuma nan muka maida wurin cinmu tun ranar da muka sauka don Umma ta ce miyarsu ta harira ce kaɗai ke zauna mata a ciki. Yaran shagon Mu'allim suke ce wa mai wurin, Umma kuwa ta ce ai Malam ke nan, shi ke nan muka bi ta. Dattijo ne siriri mai furfura a gemu, ba ya jin Turanci, mu ba ma jin Larabcinsu na Darija, ɗan Larabcin islamiyya da nake da shi ne muke lallaɓawa da shi, sauran kuma da hannu.

A can isha'i sai wajen tara da wani abu, ga shi mutanen ba sa cin abinci da wuri, don haka goma ta wuce kafin mu zauna ni da Umma da Auta. Na tambayi kuskus, ya yi dariya ya ce ai na Juma'a ne kuma tun bayan masallaci ya ƙare. Ya kawo mana tajin ɗin kaza da zaitun da lemon tsamin nan da suke jiƙawa a gishiri, da harira kwano uku, da burodinsu mai faɗi wanda Umma ta dage gurasa ce kawai ba a sa mata ƙuli ba. Ba cokali, da burodin ake dangwala, kowa ya ci gabansa. Ina iya tuna ya ɗaga murfin tururi ya tashi romon na ta tafasa a kaskon, ya ce bismillah, ya koma ya ɗauko butar shayin na'ana'a yana tsiyayawa daga sama yadda suke yi don ya yi kumfa.

Kofi na biyu yake zubawa. Sha ɗaya da minti sha ɗaya, daga baya ne na ji an faɗi lokacin.

Wallahi ni ban san girgizar ƙasa ba ce. Wani ruri na ji daga ƙarƙashinmu kamar tirela ta shigo lungun, kofunan suka hau rawa a kan faranti, tukwanen da ke kan kanta suka dinga zubowa suna fashewa ɗaya bayan ɗaya, wuta ta ɗauke. Hankalina Juma'ar nan ta Janairun 2012 a Kano ya tafi, na ce shi ke nan bam ne. Sai da na ji mutane na ihu zilzal, zilzal, wasu na kalmar shahada, sannan na tuna Iza zulzila. Kowa ya yi ƙofa, na riƙo Auta na miƙa ɗaya hannun in kamo Umma, ashe ta riga ta miƙe da kanta, ƙafarta ta zame a kan romon da ya zube ta faɗi a kan dakalin ƙofar. Ƙarar da ta yi ban taɓa jin irinta a bakinta ba, matar da ta haifi tara ba a ji kukanta ba.

Ƙura ta turnuƙe ba ka ganin tafin hannunka, ɓaraguzan gini na zubowa daga saman lungun, kowa ta kansa yake kuma ban ga laifin kowa ba. Na durƙusa zan ciccibe ta sai na ji an riƙe mini kafaɗa da ƙarfi. Malam ne, da fitilar waya a baki. Ya girgiza kai ya nuna mini yadda ƙafar ta juya waje, ya ce la, la. Daga baya likita ya ce da na ɗaga ta yadda na yi niyya da ɓarnar ta fi haka. Ya ƙwala wa yaronsa kira, suka jawo kurar da suke ɗauko kayan miya da ita daga kasuwa, don mota ba ta shiga waɗannan lungunan balle motar asibiti, suka zazzage albasa da tumatir a ƙasa, suka shimfiɗa buhunan fulawa, muka ɗora ta a kan fuskar tebur muka sa a kurar. Ya tuɓe jallabiyarsa ya lulluɓe ta, ya rage daga shi sai singileti.

Muna tsakiyar lungun ƙasa ta sake motsawa. Ba ta kai ta farko ba amma ita ta fi ba ni tsoro, bango dama bango hagu, faɗin wurin bai fi ka miƙe hannuwanka biyu ba, ba gaba ba baya. Ni dai na sandare. Shi kuwa sai ya saki kurar ya kifa jikinsa a kan Umma, ya kare mata kai da ƙirjinsa har abin ya lafa. Wani mutum da ke wucewa ya yi masa magana da faɗa, ina jin cewa yake ya bar mu ya tsira da ransa, sai na ji ya ce hadi mmi. Wannan kam na gane. Wannan uwata ce.

A dandalin muka kwana tare da dubban mutane, kowa da bargonsa a ƙasa, hasumiyar wani ƙaramin masallaci da ke gefen dandalin ta rufto a kan motoci, kowa na ɗaga kai yana duban ta babban masallacin Kutubiyya ko tana nan. To a nan ne na lura da abin da har gobe yake ci mini rai. Duk wannan hidimar da yake yi da mu, wayarsa na hannunsa na hagu yana kiran lamba ɗaya, ta ƙi shiga, ya sake kira, ta ƙi shiga. Yaronsa ne ya fahimtar da ni cewa Malam mutumin kan dutse ne, ƙauyensu na yankin Alhawuz a duwatsun Atlas, kuma mahaifiyarsa da ƙannensa suna can. Mu a lokacin ba mu san can ne cibiyar abin ba, kilomita saba'in da wani abu daga inda muke, ba mu san ƙarfinta ya kai 6.8 ba, ba mu san ƙauyukan ginin ƙasa sun kwanta gaba ɗaya ba. Shi ina jin jikinsa ya ba shi. Amma a haka ya koma cikin lungun nan da kowa ke gudu, ya ɗauko ƙaramin gas da buta da ragowar burodi da jakar Umma mai fasfo ɗinmu a ciki wadda ni na manta da ita sam, ya dafa shayi ya tallafo kanta yana ba ta da kansa yana cewa la bas Hajja, la bas. Bai tafi ba sai da ya samo mai mota ya ga an ɗauke mu, ana kiran assalatu ya hau babur ɗin wani ya nufi dutse.

Kwana tara shagon na rufe, kullum in na fito daga asibiti sai na bi ta lungun. Ranar da na tarar a buɗe na same shi zaune a kan kujera ya rame kamar ba shi ba. Mahaifiyarsa ta rasu a daren, da ƙanwarsa da 'ya'yanta biyu, da hannu suka tono su don hanya ta toshe da duwatsu motoci ba su iso da wuri ba. Mutum kusan dubu uku aka ce sun rasu a ƙasar, an yi zaman makoki na kwana uku an yi salatul ga'ib a masallatai, amma ni duk wannan lissafin a fuskar mutumin nan na gan shi. Na rasa abin faɗi, na yi masa ta'aziyya da guntun Larabcina, kuma abin da ya fara tambayata shi ne yaya ƙafar Hajja.

Na ciro kuɗin abincinmu na daren nan, dirhami 135, don ba mu biya ba. Ya kalle ni kamar na zage shi, ya ce hashuma, wato abin kunya, ya tura hannuna. Na ninka na ce to gudummawar makoki ce, ya ce in kai wa masu tara barguna da abinci ana kaiwa ƙauyuka. Can na kai. Daga ranar kuma kullum da yamma sai ga yaronsa a asibiti da harira a kula, har aka sallame mu.

Na san ba a san mu da tsayawa ana lissafa wanda ya yi alheri ba, wasu ma sun ce kada in ambace su, ku yi haƙuri yau dai sai na faɗa ko da ba da suna ba. Ɗalibin nan ɗan Maraɗi da ke karatu a jami'ar Alƙali Iyal, ƙanena, kai ka zama bakinmu da kunnenmu wajen likitoci, ka kwana a benci sau nawa alhali kai ma kuɗin gida ba ya iso maka, Allah Ya ba ka ilimi mai albarka Ya sa ka gama lafiya. Hajiyar Senegal da muka haɗu a zawiyar Fas, ta biyo mu har Marakish da ta ji labari, ita ke taya Auta yi wa Umma wanka da juya ta, ba yare ɗaya sai Salatul Fatihi, Allah Ya haɗa ki da Shehu a aljanna. Alhajin Kazablanka da ya ƙirgo mini dirhami a hannu aka tura masa naira a Kano ba tare da ya ci ko kwabo a kai ba, lokacin da katina ya zama kwali don ba ya aiki a waje kuma asibiti na jiran kuɗin ajiya. 'Yan layinmu na Kantin Kwari da suka yi karo-karo cikin kwana biyu suka kuma riƙe mini shago. Kawu na Zariya da ya sayar da shanunsa biyu bai gaya wa kowa ba, sai a bakin Goggo na ji. Malaman unguwa da almajiransu da suka yi ta sauka. Ma'aikaciyar jinyar dare da ke kiran Umma lalla tana gyara mata ɗankwali. Da uwargida, maman yara, da ta riƙe gida wata guda tana ce wa yara Hajiya na nan lafiya alhali ita ma kuka take. Allah Ya saka muku da mafificin alheri, Ya suturta ku duniya da lahira, Ya jiƙan iyayenku, kada Ya nuna muku irin wannan dare, Ya sa ku gama da naku iyayen lafiya, amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Waɗanda kuma Umma ta goya ta aurar, a lokacin agogonmu ɗaya da Maroko ba a ce bambancin lokaci ne ya hana kira ba, sitika ɗaya aka turo a guruf ɗin gida aka yi shiru. Ni ban riƙe kowa ba. Ita ce dai take tambayata wane ya kira? wance fa? ina ce mata layi ne ba kyau, har na gaji da faɗin hakan.

Ana gobe za mu taso ta ce lallai sai an kai ta shagon. Muka tura ta a keken asibiti har lungun, an tokare wasu bangwayen da katako, ya fito da gudu ya sumbaci kanta yadda suke yi wa iyayensu. Ya kawo tajin ɗin kaza irin na ranar ya ce wancan ba mu cinye ba. Umma ta ciro carbinta da ta yi shekara ashirin tana ja ta damƙa masa, wannan kam bai ce hashuma ba, ya karɓa ya juya baya yana goge ido da hannun riga. Mun cinye tas, har romon muka share da burodi.

Saƙon Umma ne wannan, ta ce duk wanda ya yi mata addu'a a wannan wata don Allah ya ƙara da Fatiha ɗaya da Ƙulhuwallahu ga mahaifiyar Malam da ƙanwarsa da yaran nan biyu, da duk waɗanda gini ya rufta wa a daren. Masu son zuwa dubiya kuma ku bari sai bayan la'asar, da safe ake zuwa yi mata gashin ƙafar kuma yana gajiyar da ita.