Hannun da ba ya fita a hoton gwangwani

Daga Foggia, kudancin Italiya.

Ƴan uwana na Damagaram, daga Birni har Zango da Garin Malam, assalamu alaikum. Ina gaida iyayenmu da malamanmu, da fatan damina ta yi albarka.

Gwangwanin tumatir ne ya sa ni ɗaukar alƙalami. Jiya na sayi ɗaya a kanti, na tsaya ina kallon hoton da ke jikinsa: wata baturiya ce da ɗankwali, ta rungume kwando, tana murmushi, rana na faɗuwa bayanta. Haka ma tallan talabijin yake, tsohon bature da jikansa cikin gonar kakanni. Damina shida ke nan ina tsinkar tumatir a wannan yanki, wallahi ban taɓa ganin matar nan a kunya ba. Waɗanda nake gani ƴan Mali ne, da ƴan Gambiya, da ƴan Gana, da mutanen Romaniya da Bulgeriya.

Tun kafin asuba ɗan kamasho, wanda suke ce wa kaporale, zai kwashe mu a mota kamar buhunan gero, ya yanke yuro 5 kuɗin mota. Akwatin da muke cikawa yana cin kilo 300, bara ana biyana yuro 4 a kansa, wato jika biyu da rabi da ƴan kai. Tun 2016 aka yi doka mai tsanani kan ƴan kamashon nan, amma a watan Agusta 2018 ma'aikatan gona 16 suka rasu a haɗarin mota biyu cikin kwana uku, nan kusa da mu. A shekarar 2018 ɗin ce, ranar 2 ga Yuni, ranar da Italiya ke bikin jamhuriyarta, aka harbe Soumaila Sacko, ɗan Mali, a Kalabriya, yana tsintar tsofaffin kwanukan rufi don a gyara bukka. In ka gan mu a talabijin, to irin wannan rana ce, ko bukkokinmu sun kama wuta. Shi ya sa da Aboubakar Soumahoro, haifaffen Kodebuwa mai kare haƙƙin ma'aikatan gona, ya ci zaɓen majalisar Italiya a 2022, ya je ranar farko da takalman roba na gona a ƙafarsa.

Ɗan da ka haifa a nan ma ba ɗan ƙasa ba ne, don jini suke bi. Sai ya kai shekara 18 kafin ya nema.

To amma in faɗa muku gaskiya, da nake riƙe da gwangwanin nan, gida zuciyata ta tafi. A gonar mahaifina, kan hanyar Mirya, akwai wani dattijo da ya yi mana noma tun ban san hagu da dama ba. Shi ya san inda ruwa ke kwanciya, shi ya ƙi a sare gawon da ke tsakiyar gona. A bukkar gefen rijiya aka haifi ƴaƴansa duka, amma har ya koma ga Allah "baƙon nan" muke ce masa, a bayan idonsa kuma a rage murya a ambaci asalinsa. Ranar gayya makaɗi ya wasa babana, sarkin noma, gagarabadau, shi kuwa dattijon yana duƙe da hauya, ko sau ɗaya ba a kira sunansa ba. A wasan kwaikwayon rediyo kun san yadda ake fito da irinsu, ɗan ƙwadago mai gurguwar Hausa, wanda aka sa don a yi dariya. Ni ma na yi dariyar, har da riƙe ciki.

A Nijar, dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin filaye, dokar 2003 ta mai da bauta laifi. Da aka zo yi wa gonarmu takarda, sunan gidanmu kaɗai aka rubuta, kuma ba wanda ya ga abin magana, har da ni da nake tsaye a wurin.

Ƙanena, na san kana karanta wannan. In ka shiga kasuwar Dole ka sayi goro da sukari, ka hau babur ka je wajen ƴaƴan dattijon nan. Ka gaishe su, ka tambayo mini ko har yanzu suna shuka ɗan filin gefen rijiya, ka kuma rubuto mini cikakken sunan mahaifinsu, don ni laƙabi kawai na sani. Zancen takarda, zan kira Baba da kaina bayan sallar Juma'a.

Wassalam, ɗan uwanku.