Bugu a gefen goshi, da jinin da ke taruwa a ɓoye

Ƙoƙon kan mutum baligi ƙasusuwa 22 ne: 8 sun kewaye ƙwaƙwalwa, 14 sun gina fuska. In ban da muƙamuƙin ƙasa, babu mai motsi a cikinsu, domin bakunansu sun sarƙe da juna. A wurin jariri ba haka abin yake ba. Ƙasusuwan ba su gama haɗuwa ba, shi ya sa ake da maɗiga, wadda kan rufe wajen wata 18 zuwa shekara 2. Idan ta lotsa, ruwan jikin yaro ne ya ragu. Idan ta kumbura ga zazzaɓi, a tuna da sanƙarau, a garzaya asibiti. Da zarar kai ya gama haɗewa, ya daina buɗawa ke nan, kuma duk haɗarin da za mu duba daga nan ya samo asali.

Abu uku ne a ciki. Ƙwaƙwalwa ta cinye kusan kashi 80 cikin 100 na wurin, jini da ruwan ƙwaƙwalwa sun raba ragowar. Ruwan bai wuce mililita 150 ba a kowane lokaci, duk da cewa jiki na yin kusan 500 a yini yana shanye tsohon. Idan wani abu na huɗu ya shigo, kamar gudan jini, dole ɗaya ya matsa. Ruwan ne ke fara gudu zuwa wajen laka, sai jinin jijiyoyi ya biyo baya. Muddin ana wannan sassauci, mutum zai yi magana, ya yi tafiya. Sassaucin yana ƙarewa, sai matsi ya hau cikin ɗan lokaci.

Ɗora yatsa a gefen goshinka, kamar faɗin yatsu biyu sama da ƙashin da ya taho daga kumatu zuwa kunne, ɗan baya da ƙarshen gira. A nan ƙasusuwa huɗu suka haɗu: na goshi, na saman kai, na wajen kunne, da wani da ke shimfiɗe a gindin kai. Likitoci na kiran wurin teriyon. Yana daga cikin wuraren da ƙashi ya fi siranta, ga shi kuma wata jijiyar jini mai ciyar da tantanin ƙwaƙwalwa ta bi ta ƙarƙashinsa, a cikin kwarin da ta yi wa kanta a jikin ƙashin. Sanda, dutse, ko faɗuwa daga babur ba hular kwano, kowanne na iya tsaga ƙashin, tsagin ya yanke jijiyar.

Kafin a gane inda jinin ke zuwa, sai an san tantanin. Uku ne. Na waje, dura, kauri gare shi da tauri, ya manne wa cikin ƙashi, ya fi kamawa a layukan da ƙasusuwa suka haɗu. Yana kuma naɗewa ya shiga ciki: naɗi ɗaya ya raba ƙwaƙwalwa dama da hagu, ɗaya ya shimfiɗu ya raba babbar ƙwaƙwalwa da ƙaramar da ke wajen ƙeya, ya bar kafa a tsakiya inda tushen ƙwaƙwalwa ya ratsa. Na biyu, araknoyid, siriri ne mai zare-zare, kuma a ƙarƙashinsa ruwan ƙwaƙwalwa ke gudana. Na uku, piya, ya lafe a jikin ƙwaƙwalwar yana bin kowane lungu nata. Waɗannan biyu na ciki su ne ƙwayoyin sanƙarau ke kumburawa.

Jijiyar da ta yanke a teriyon tana tsakanin ƙashi da dura, kuma jini ne mai fitowa da ƙarfin bugun zuciya. Sannu a hankali sai ya ɓamɓare dura daga ƙashi, ya taru. Ga abin da ke yaudarar mutane: wanda aka buga ya suma na ɗan lokaci, ya farfaɗo, ya ce lafiyarsa lau, har ya koma gida da ƙafarsa. Ba kowa ne ke samun wannan tsakani na farfaɗowa ba, amma wanda ya samu, shi aka fi yin sakaci da shi. Bayan awa ɗaya ko 'yan awanni, ciwon kai ya tsananta, amai ya zo, barci ya fara rinjayarsa. 'Yan uwa su ce a ƙyale shi ya huta. A ganina wannan kalma ta "a ƙyale shi ya huta" ita ce mafi haɗari a duk lamarin.

Ƙwaƙwalwa laushi gare ta kamar awara. Jinin na tura ta, sai gefenta na ƙasa ya zame ta cikin kafar nan ta dura. Daidai nan jijiya ta 3 daga cikin jijiyoyin saƙo 12 da ke fitowa ta kowane ɓangare na kai ta wuce. Ita ke ɗaga fatar ido, ita ke juya ƙwayar ido zuwa yawancin ɓangarori, ita kuma ke tsuke baƙin ɗigon da ke tsakiyar ido idan haske ya faɗa masa. Zaren da ke tsukewar yana ta gefen waje na jijiyar, don haka shi matsi ke fara kashewa. Sai ka haska tocila ka ga ɗigon ido ɗaya ya buɗe bai tsuke ba, galibi a ɓangaren da jinin yake, hannu da ƙafa na ɗaya ɓangaren kuma su yi rauni. Idan hawan jini ya tashi, bugun zuciya ya ragu, numfashi ya rikice, to tushen ƙwaƙwalwa ya shiga matsi, lokaci ya ƙure. Bai kamata a jira waɗannan alamu ba.

Maganin tiyata ne. Hoton CT, wato hoton cikin kai da na'urar asibiti ke ɗauka, na nuna gudan jinin a kumbure kamar ƙwai, ya tsaya a layin haɗuwar ƙasusuwa saboda dura ta kama wurin. Ƙa'idar likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa ita ce gudan da ya haura mililita 30 a cire shi ko da majinyacin yana magana. A buɗe ƙashin, a kwashe jinin, a toshe jijiyar. Sau da yawa ƙwaƙwalwar kanta ba ta ji rauni ba, don haka wanda aka yi wa aiki da wuri yana iya warkewa sarai.

Akwai wani zubar jinin a ƙarƙashin dura, daga ƙananan jijiyoyi masu mayar da jini. Tsofaffi ya fi kamawa, domin ƙwaƙwalwarsu ta ɗan tsuke, jijiyoyin sun miƙe. Bugu kaɗan ya isa, kuma alamun kan ɗauki makonni: mantuwa, ruɗewa, tangaɗi. Akan ɗora wa tsufa, alhali abu ne da tiyata ke gyarawa.

Gindin kai ma yana karyewa. A saman hanci akwai siririn ƙashi mai ƙananan huji inda zarurrukan jijiya ta 1, ta jin ƙamshi, suke ratsawa. Idan ya tsage, mutum na iya daina jin ƙamshi, ruwa garai-garai ya riƙa ɗiga daga hanci. Idan ƙashin wajen kunne ne, jijiya ta 7 da ta 8 ne a cikinsa, sai ɓarin fuska ya saki, ji ya ragu, jini ko ruwa ya fito ta kunne. Baƙi kewaye da idanu biyu ko bayan kunne kan bayyana daga baya. Kada a cusa auduga, kada a ɗura komai, kada ya fyace hanci, domin ƙofa ta buɗe wa ƙwayoyin cuta zuwa tantani.

Duk wanda ya suma bayan bugu a kai, ko ya yi amai fiye da sau ɗaya, ko ya kasa tuna abin da ya faru, ko ya yi farfaɗiya, ko yake shan maganin tsinka jini, a kai shi asibitin da ke da na'urar CT. Wajen ɗauka a riƙe kai da wuya a miƙe, saboda ƙashin wuya kan karye tare. Kada a ba shi abinci, ko maganin barci, ko asfirin, wanda ke hana jini daskarewa. Idan likita ya sallame shi, wani babba ya zauna da shi awa 24 na farko, yana duba cewa yana tashi idan an tashe shi, yana gane mutane, yana motsa hannuwa da ƙafafu daidai. Ɗaya daga ciki ya canza, a mayar da shi a daren.