Daga Birnin Kebbi zuwa tsaunukan Sikotland: tafiyar ƙafa da yara

Hanyar da ake kira West Highland Way tsawonta kilomita 154 ne. Ta tashi daga Milngavie a bakin birnin Gilasgo, ta bi gabashin tafkin Lomond, ta ratsa dausayin Rannoch, ta dire a Fort William, gindin Ben Nevis, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Birtaniya, mita 1,345. An buɗe ta a 1980. Mun taka ta a dogon hutun makaranta, ni da maiɗakina da yara uku, autarsu 'yar shekara tara, sai ƙanena da ke karatu a can, shi ya yi mana madugu. Duk wanda ya tare ni da zancen a Birnin Kebbi, tambayarsa ta farko ita ce kilomita nawa muke ci a rana. A wannan hanya kuwa kilomita ba ta faɗa wa mutum komai sai ya san irin ƙasar da zai taka, da kuma saurin ƙaramin cikin ayarin.

Mutumin Kebbi ya san doguwar tafiya, ya san rana da ƙishirwa. Abin da ƙafarsa ba ta sani ba shi ne hawa, musamman gangara. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, naman cinyar da ke riƙe gwiwa a gangare bai saba aiki ba. Saboda haka shirin da muka yi a gida kashi biyu ne. Da asuba mu hau tudun Dukku mu sauko, mu sake hawa, kowa da jakar goyonsa. Ranar da ba a samu fita ba, matakalar bene ta wadatar. Da damina ta kankama kuma muka koma bin gefen gonakin shinkafa a fadama, da gangan, don yara su saba tafiya da jiƙaƙƙen takalmi ba tare da sun tsaya kuka ba. A ba wannan wata biyu zuwa uku, kuma a riƙa haɗa ranaku biyu a jere, domin wahalar doguwar tafiya a safiya ta biyu take bayyana. Takalmin da za a tafi da shi, shi za a yi atisaye da shi. A saye shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a gwada da safa mai kauri, a bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin.

Manya masu ƙarfi kan gama hanyar a kwana bakwai ko takwas. Mai yara ya ƙara biyu a kai. Akwai tsohon lissafi na wani mahayin dutse ɗan Sikotland, William Naismith, tun 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Lissafin babban mutum ne mai lafiya wanda ba ya tsayawa. Da yara, da salla, da cin abinci, a ƙara rabin abin da ya fito. A mafi yawan hanyar hakan ya yi mana daidai. Wuri ɗaya ne ya ƙaryata shi.

Zangon farko, Milngavie zuwa Drymen, kilomita 19 ne na sauƙi, har mutum ya fara raina tafiyar. Na biyu ya haura tudun Conic, mita 361, ya gangara Balmaha a bakin tafki. Daga nan har Rowardennan ba laifi. Inda aikin yake shi ne daga Inversnaid zuwa Inverarnan. A taswira kilomita 11 ne kacal, kusan babu hawa, an bi bakin ruwa. A ƙasa kuwa saiwoyin itatuwa ne da manyan duwatsu masu santsi, hanyar ta matse tsakanin gangare da tafki, wani wurin sai an dafa da hannu biyu, wani wurin sai babba ya wuce ya miƙo wa yaro hannu. Ba a iya jera taku goma iri ɗaya. Lissafi ya ce awa biyu da rabi, mu sai da muka ninka. Littattafan jagora da yawa kan haɗa Rowardennan zuwa Inverarnan zango ɗaya, wajen kilomita 22. Mai yara kada ya yarda. A kwana a Inversnaid, a shiga wannan yanki da safe da sabuwar ƙafa, a naɗe sandunan tafiya a ɗaure a jaka don hannuwa su samu sarari, babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Kuma a san cewa da an bar Inversnaid babu titin mota a wannan gefen tafkin sai an kusa Inverarnan. Mafita ɗaya ce, ƙaramin jirgin ruwa da ke tsallakar da mutane zuwa Ardlui daga can ƙarshen arewa.

Batun masauki na yanke shi ne: a kama tun watanni kafin tafiya. A Rowardennan, Bridge of Orchy, Inveroran da Kingshouse gadaje kaɗan ne, iyali mai mutum shida ba ya samun ɗaki a ƙurarren lokaci. Dabarar da ta fisshe mu ita ce kwana biyu a Tyndrum, mu yi tafiyar wuni, mu dawo a jirgin ƙasa daga Bridge of Orchy, washegari mu koma inda muka tsaya. Akwai kamfanonin da ke ɗaukar manyan jakunkuna daga masauki zuwa masauki, galibi kilo 20 kowace jaka. Kuɗin da ya fi kowanne amfani ke nan a tafiyar. Yaro kada ya goyi abin da ya wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa: ruwa, rigar ruwa, abin taɓawa, usur. Mai son kafa tanti ya sani cewa daga Maris zuwa Satumba akwai dokar da ta taƙaita hakan a gabashin tafkin Lomond, sai a wuraren da aka ware.

Sanyin can a watan Agusta ba mai tsanani ba ne idan jiki a bushe yake. Illar a jiƙa take. Yayyafi ne marar ƙarfi da kan wuni yana sauka, iska na kaɗa shi ta gefe. Auduga idan ta sha ruwa ko gumi ba ta bushewa, sai ta manne a fata tana zuƙe ɗumin jiki. Shadda, atamfa, wandon jins, singiletin auduga, duk a bar su a babbar jaka don zaman dare. A jiki sai hawa uku: ta ciki mai saurin bushewa irin ta 'yan ƙwallo, suwaita mara nauyi, sai rigar ruwa mai hula da wandon ruwa. A tashi da safe ana ɗan jin sanyi, minti goma jiki zai ɗau zafi. Wanda ya fito a dunƙule zai jiƙe da gumi kafin awa guda. Da an tsaya hutu a ƙara suwaita nan take, kafin a buɗe abinci.

Ga mata, dogon hijabi na yawo da iska yana kama rassa, zani kuma yana kwasar ruwan ciyawa har gwiwa. Abin da maiɗakina da babbar 'yarmu suka tsaya a kai shi ne doguwar riga mai faɗi zuwa ƙasan gwiwa a kan wandon ruwa, da gajeren hijabi na yadi mai saurin bushewa da ke shiga ƙarƙashin hular rigar ruwa, da wani busasshe a leda don salla. An samu sutura, ba a kuma yi tuntuɓe ba.

Bororo ba ya fitowa kwatsam. Wurin kan fara ɗumi yana ɗan zafi, a diddige ko gefen babban yatsa. A lokacin ne ake tsayawa a cire takalmi, a shanya ƙafa, a manna filasta mai faɗi ba tare da tattara ba. Matsalar yara ita ce ba sa faɗa, suna tsoron a ce su suka tsayar da tafiya. Shi ya sa kawunsu ya mai da abin doka: duk hutu kowa ya cire takalmi, babba da yaro. Yakan durƙusa gaban autar ya ce, "Auta, kawo ƙafar in gani," ita kuma ta ce, "Kawu, ba komai fa," sai ya juya diddigen ya nuna mata jan tabo kamar kwabo. A riƙe safa biyu a jakar wuni, a sauya da azahar. Da dare a zare shimfiɗar cikin takalmin, a cusa tsohuwar jarida, a sauya ta kafin barci. Kada a kanga takalmi a jikin na'urar ɗumama ɗaki, gam ɗinsa kan saki. Yawancin masaukan hanyar suna da ɗakin shanya kaya.

A Tyndrum ake sayayya ta ƙarshe, don babu kantin kirki sai Kinlochleven, wajen kilomita 45 gaba. Tsakaninsu ne dausayin Rannoch yake. Daga Inveroran zuwa Kingshouse kilomita 16, a tsakiyar dausayin babu gida, babu rumfa, itatuwa ma jefi-jefi. Fili ne buɗaɗɗe na baƙar ƙasa da ruɓaɓɓen ciyayi suka tara shekaru dubbai, ƙananan tafkuna barbaje, duwatsu sun kewaye shi. Ƙasar tana riƙe ruwa kamar soso, inda ya fi kore shar nan ya fi zurfi. Hanyar kanta tsohuwa ce da aka daɓe da duwatsu, ba a nutsewa a kanta, amma tana dukan tafin ƙafa, takalmi mai siririn ƙasa a nan yake tona asirin kansa. Dokarmu ga yara a ranar ɗaya ce: ba a sauka daga kan hanya. A duba hasashen yanayi da daddare da kuma safe. Idan iska da ruwa sun haɗu da ƙarfi a ɗaga tafiyar, bas na bin titin A82 zuwa kusa da Kingshouse. A cika filas biyu da shayi mai sukari. Yaron da ya yi shiru, yana rawar ɗari, yana tuntuɓe, maganarsa na sarƙewa, sanyi ne ya shige shi: a kare shi daga iska, a sauya masa jiƙaƙƙen kaya, a ba shi abu mai ɗumi. In abin ya faskara a kira 999, a nemi 'yan sanda, a ce ana son masu ceto na kan dutse. Sabis na ɗaukewa a wurare, don haka taswirar takarda da kamfas su kasance a jaka ko da alamun hanya a bayyane suke.

Sai 'yan mitsi-mitsin ƙwarin da suke kira mijis, waɗanda lokacinsu ya yi daidai da hutun yaranmu. Ba sa kawo zazzaɓi, amma dubbai suke sauka a fuska da wuya, safe da yamma, a inda iska ta kwanta. Ragar sauro ta gida ba ta tare su, idonta ya yi faɗi. A sayi ragar kai ta musamman a can, da man shafawa irin su Smidge. Iska kaɗan na korar su, mai tafiya ma ba sa cim masa. Wurin hutu da wurin salla a zaɓi kan tudu mai iska, a guji inuwar bakin rafi komai kyanta.

Mun tambayi malaminmu hukuncin ƙasaru da haɗa salloli tun kafin mu bar gida, kowa ma ya tambayi nasa. Alƙibla a can kudu maso gabas take. Rana kan kai ƙarfe tara na dare ba ta faɗi ba a farkon Agusta, alfijir kuma na ketowa da wuri, barcin yara na iya tawaya idan ba a kwantar da su da zarar an yi isha'i ba. Leda mai kauri a ƙarƙashin darduma na hana ta shan ruwa. Kilishi, dambun nama da man shanu dokar Birtaniya ta hana shiga da su, kada a yi asara a filin jirgi. Dabino, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da yaji mun tafi da su. Naman halal a Gilasgo yake, a kan hanya kifi ne da ƙwai da wake. Ruwa lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ga kowa ya isa wuni, sai dai a sanyi yara ba sa jin ƙishirwa, sai an tuna musu. Ruwan ƙorama garau yake a ido, amma tumaki da barewa na sama, a tafasa ko a tace.

Wuri mafi tsawo a hanyar, wajen mita 550, yana tsakanin Kingshouse da Kinlochleven, kan hawan da ake kira Devil's Staircase. Sunan ya fi hawan ban tsoro, yara sun haye shi suna hira. Gangarar da ke bayansa ce mai cin gwiwa, don sai an sauko kusan daidai da teku. A ƙara ɗaure igiyar takalmi a wuyan ƙafa kafin a fara sauka, a yanke farce tun daren jiya, a gajarta taku, a tsawaita sanda. Zangon ƙarshe zuwa Fort William kilomita 24 ne, ya fara da hawa mai tsauri tun daga bakin gari, babu shago a tsakani. A fita da sassafe, abincin wuni cikakke a jaka.

Kowane dare a duba jikin yara saboda kaska: bayan gwiwa, ƙugu, hammata, bayan kunne, gindin gashi. Ta can ƙarama ce ƙwarai, wata ba ta kai ƙwayar riɗi ba. A kama ta da ɗan matsefi dab da fata a ja a hankali a miƙe, ban da kananzir, ban da wuta, kada kuma a matse cikinta. Wasu na ɗauke da cutar Lyme, wadda alamarta ta farko jan zobe ne da ke faɗaɗa a wurin cizon, yawanci cikin sati ɗaya zuwa huɗu, wani lokaci da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Lokacin an riga an dawo gida, inda duk zazzaɓi maleriya ake fara zato. A rubuta ranar cizon da wurinsa a jiki, a ɗauki hoton duk wani jan tabo, a kuma gaya wa likita ƙarara cewa yaron ya taka dajin Sikotland kuma kaska ta cije shi.