Irin da ya ƙare a tukunya

A daminar 2023 ina aiki da wata ƙungiyar agaji a nan Kano, aka ɗora mini rabon irin wake da gero ga iyalan da 'yan bindiga suka koro daga Zamfara da Katsina, suka raɓa a unguwannin bayan gari. Shekarar ce aka cire tallafin mai a watan Mayu, aka kuma rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli. Kuɗin mota ya tashi, farashin tiya a Dawanau ya bi shi.

Mun raba, mun ɗauki hotuna, na rubuta rahoto ina jin na yi abin kai. Bayan mako uku na koma duba tsiro, sai na tarar yawanci an dafa irin. Raina ya ɓaci, har na fara yi wa wani dattijo faɗa. Bai ce komai ba sai da na gama, sannan ya tambaye ni: "Ɗana, a wace gonar zan shuka?" Kadada nawa ya baro a ƙauyensu, nan kuwa ko wurin ɗaure akuya ba shi da shi, ga jikoki sun kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Kunya ta kama ni, na ce, "Baba, a yi haƙuri."

Kuskurenmu ya fi ɗaya. Mun kai irin a makare, manoma sun yi nisa da noman fari. Ba mu haɗa shi da abincin da zai riƙe gida har kaka ba. Maganar fili kuwa ko a taro ba ta taso ba, mu da muke ta ambaton noma a takarda.

Da rani muka sake lale. Muka bi ta hannun masu unguwanni aka samo hayar 'yan filaye a yankin Kura, inda ruwan madatsar Tiga ke bi ta magudanai. Aka fara ba da hatsin ci, iri ya biyo baya, sannan buhunan PICS masu leda biyu a ciki, don kada ƙwari su cinye wake in an ajiye.

Dattijon nan albasa ya zaɓa, ya ce ita ya sani. Ni dai tumatir na so ya shuka, ya ƙi, ban kuma ja da shi ba.