Opera a ɗakina: abin da kyamara ta ba ni da abin da ta hana ni

Ranar 16 ga Maris, 2020, annobar korona ta riga ta sa an rufe gidajen wasa a Amurka, sai gidan opera na Metropolitan da ke New York ya fara sakin wasannin da ya ɗauka a baya kyauta a intanet, ɗaya kowane dare. Da wasan Carmen suka buɗe, wanda aka ɗauka a 2010. Wasa yakan yi kusan kwana guda a shafinsu, sai a sauke shi a ɗora wani, kuma haka suka yi ta yi har watan Yulin 2021. Ta wannan ƙofa na shigo, kuma har yau ban fita ba.

Ga wanda bai taɓa gani ba, opera wasan kwaikwayo ne da yawanci ake rera kowace magana ta cikinsa. Gaisuwa waƙa ce, faɗa waƙa ne, har mai mutuwa da waƙa a bakinsa yake cikawa. Makaɗa suna zaune a wani rami a gaban dandamali, mai jagorantarsu yana tsaye da 'yar sanda a hannu. Yawancin waɗanda na kalla da Italiyanci ne, wasu da Faransanci ko Jamusanci, fassara kuma tana tafiya a ƙasan allo.

Abin da na lura da shi bayan shekarun nan shi ne, allo ba ya yi wa kowane sashe na wasa adalci iri ɗaya. Manyan fitowa yakan ƙanƙantar da su, ƙanana kuma ya ɗaukaka su.

Ku ɗauki Aida na Verdi, wani ɗan Italiya mai tsara kiɗan opera, wasan da aka fara nunawa a Alƙahira a 1871. Sashen da kowa ke ambato shi ne bikin dawowar mayaƙan Masar da nasara: kakaki, tutoci, fursunonin yaƙi, jama'a cike da dandamali, a tsohon shirin Metropolitan har da dawakai na gaske. Wanda ke zaune a zauren dole gabansa ya faɗi. Ni kuwa a kwamfutata, mutanen nan duka ba su fi tsawon yatsa ba, kuma kyamara tana ta yawo, ta nuna sarki, ta koma kan masu rawa, ta dawo kan sojoji. Na yaba, amma bai taɓa ni ba.

Inda allo ya kama ni shi ne kashi na biyu na La Traviata, shi ma na Verdi, daga 1853. Mutum biyu ne kawai a ɗaki. Violetta mace ce da ta bar rayuwar bariki a Paris saboda wani saurayi, Alfredo, tana zaune da shi a ƙauye, tana sayar da kayanta a ɓoye don su ci. Tarin fuka yana cin ta, ta kuma sani. Sai ga mahaifin saurayin ya shigo. Da zargi ya fara, yana zaton dukiyar ɗansa take ci, ta nuna masa takardu ya ga akasin haka. Duk da haka bai fasa abin da ya kawo shi ba: yana da 'ya mace da za a aurar, dangin mijin kuma za su janye muddin wanta yana tare da irin wannan mata. Roƙonsa shi ne ta rabu da Alfredo har abada.

Kusan minti ashirin suke yi a wannan zance, kuma kyamara tana kan fuskarta. Kana ganin lokacin da ta zaci rabuwar ta ɗan lokaci ce, da lokacin da ta gane nufin dattijon, da yadda ta ƙi, har zuwa inda ta sauke murya ƙasa-ƙasa ta ce ya gaya wa 'yarsa cewa wata ta sadaukar da farin cikinta dominta. Na ga leɓen mawaƙiyar yana rawa kafin ta ja numfashi. Wanda ya sayi kujera a can saman bene ba zai ga wannan ba ko da tabarau. Ban kuma buƙaci wani ya yi mini bayanin dattijon ba. Ba mugu ba ne, yana tausayinta har cikin ransa, kuma yana karya ta don sunan gidansa. Mun san irinsa a zaurukanmu. Sau da yawa nakan tsayar da wasan a nan, in mayar baya, in sake ji.

Amma akwai abin da ba na samu, kuma yana damuna. Mawaƙan opera ba sa amfani da lasifika a zaure. Gidan Metropolitan yana ɗaukar mutum kusan 3,800, kuma muryar mutum ɗaya, daga ƙirjinsa kawai, ita ke ƙetare makaɗa da dama ta isa kujerar ƙarshe. Shekaru suke yi suna koyon wannan. Mu na gida ta makirufo muke ji, an daidaita sauti, mai ƙaramar murya da mai babba duk sun zo kunnena da ƙarfi ɗaya. Ke nan abin da ya fi komai wahala a sana'ar shi ne ba ya isowa gare ni. Idan na ji Pretty Yende, 'yar Afirka ta Kudu da ta fara waƙa a Metropolitan a 2013, ina jin zaƙin muryarta da saurin da take hawa da sauka, amma yadda take cika zaure sai dai labari. Haka kuma idona ba nawa ba ne, inda daraktan kyamara ya ga dama nan zan duba.

Wata riba ta daban ita ce hutun tsakiya. A wasannin da Metropolitan ke watsawa tun ƙarshen 2006, kyamara takan bi bayan labule: ma'aikata suna tura bango da matakala, ana hira da mawaƙiyar da ta gama kuka yanzun nan, gumi na zuba a goshinta. Wasu sun ce yana ɓata musu labarin. Ni ƙara mini girmama aikin yake yi.

Na kyautar nan ya ƙare, yanzu nasu sai da kuɗin wata, da dala. Amma akwai shafin OperaVision, wanda Tarayyar Turai ke tallafa wa, kyauta ne, yana kuma YouTube, da fassarar Turanci da Faransanci. Wasa ɗaya yakan kai awa biyu da rabi zuwa uku, don haka data tana tafiya. Nakan rage kyawun hoto, tunda sauti ne ba na yarda a taɓa mini, in sa iyafis, domin lasifikar waya tana kashe ƙananan muryoyin goge. Bayan isha'i nake zama, gida ya yi shiru, na cika caji saboda ɗaukewar wuta.

Abu ɗaya nake roƙon mai son gwadawa: kada ya fara da guntayen bidiyo na minti uku da ke yawo. Ya karanta labarin La Traviata a taƙaice, ya fara daga kashi na farko ya san wace ce Violetta, sannan ya bari dattijon nan ya shigo.