Yadda na kai Baffa Ƙurɗuba

Tun ina yaro nake jin Baffa yana rera Ishiriniya bayan sallar isha'i a zauren gidanmu da ke Kano. Sai da na girma na san cewa mai waƙen, Alfazazi, haifaffen Ƙurɗuba ne, garin da yanzu yake kudancin Sifaniya, mutanensa na kiransa Córdoba. Ranar da na gaya wa Baffa cewa garin yana nan, masallacinsa ma yana tsaye, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ɗan nan, in Allah ya hore maka, ka kai ni in gani tun ƙafata na ɗaukata." Allah ya hore a farkon Oktoban 2024. Kwana tara muka yi, amma shirin ya ci wata huɗu.

Biza ce ta fara cin lokaci. Sifaniya na cikin ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kuma ana iya shigar da takardu tun saura wata shida a tashi, don haka muka fara a watan Yuni. Kuɗin bizar Yuro 90 ne kowane mutum, ban da ladan ofishin da ke karɓar takardun. Sun nemi fasfo da zai ƙara aƙalla wata uku bayan ranar dawowa, da inshorar lafiya da za ta iya biyan magani na aƙalla Yuro 30,000, da bayanan asusun banki, da shaidar masauki da ta jirgin dawowa. Baffa ya so in wakilce shi, amma ana ɗaukar zanen yatsu, dole muka tafi Abuja tare. Otal ɗin da na kama duk irin waɗanda ake iya sokewa ba tare da asara ba ne, domin kafin fasfo ya dawo hannunka ba ka da tabbacin komai.

Oktoba kuwa da gangan na zaɓe shi. Kada wani ya ce shi ɗan Arewa ne, ya saba da rana. A Yuli da Agusta zafin Ƙurɗuba kan haura digiri 40, kuma yawon duk a ƙafa ake yinsa a kan duwatsu. Maris zuwa Mayu ma lokaci ne mai daɗi, sai dai a nan ne bukukuwansu suke, makon Ista da bikin Afrilu na Ishbiliya (Sevilla), farashin ɗaki yakan yi tashin gwauron zabi.

Inda na kusa yin asara shi ne fadar Alhambra ta Garnaɗa (Granada). Na ɗauka kamar sauran wurare ne, ka je ƙofa ka sayi tikiti. Saura mako uku mu tashi wani abokin aikina ya tambaye ni ko na saya. Da na buɗe shafinsu a daren nan, ranakun da na ware wa Garnaɗa duk sun cika. Gurbi ɗaya na samu, ƙarfe huɗu na yammacin wata Alhamis da na shirya za mu kasance a Ishbiliya. Haka na zauna har tsakar dare ina sauya otal da jiragen ƙasa, Ishbiliya ta koma kwana ɗaya tak. Tikitin na ɗauke da suna da lambar fasfo, kuma an rubuta sa'ar da za ka shiga ɓangaren fadojin Banu Nasar, sarakunan Musulmi na ƙarshe a garin. In ka makara, ta wuce ka. Da zan sake shiryawa, wannan tikitin zan fara saya, sannan in jera sauran kwanakin a kansa.

A kayanmu ma an yi gyara. Uwargidan Baffa ta haɗa mana kilishi da dambun nama, na ba ta haƙuri, domin dokar Tarayyar Turai ta hana shiga da nama da madara a jakar matafiyi. Yaji kawai muka ɗauka. Na sa ƙaramar buta ta roba, da mahaɗin caja mai ƙafa biyu zagayayyu, tun da soket ɗinsu ba irin namu mai ƙafa uku ba ne. Kuɗi kuwa na canza Yuro tun daga Wapa na raba gida biyu, rabi a jikina rabi a jikin Baffa, saboda ban so mu dogara da katin banki kaɗai a ƙasar da ba mu san kowa ba.

Jirginmu ya yada zango a Kasablanka, muka sauka Madrid muka kwana. Washegari muka nufi tashar Atocha. Jirgin ƙasa mai gudu da ke zuwa kudu tun 1992 yake aiki, kuma cikin ƙasa da awa biyu ya kai mu Ƙurɗuba. Ana duba kaya da na'ura kafin a shiga, ana kuma rufe ƙofa saura minti biyu a tashi, ba a jiran kowa. Tikitin da na saya tun da wuri ya fi na ranar tafiya araha nesa ba kusa ba. Da muka kusa isa, Baffa ya manna goshi a taga yana kallon itatuwan zaitun da aka jera layi-layi har kan tuddai. Ya ce bai taɓa zaton zaitun na da yawa haka a duniya ba.

Daren farko muka gane cewa agogon cikinmu da na garin ba ɗaya ba ne. Ƙarfe shida da rabi muka fita neman tuwon dare, kowane gidan abinci muka leƙa sai a ce ba a kunna wuta sai takwas ko takwas da rabi. Su abincin rana ƙarfe biyu suke ci, na dare tara zuwa goma, ƙananan shaguna kuma da yawa suna rufewa daga biyu zuwa biyar, ranar Lahadi ma galibi a rufe suke. Lokutan salla su ma haka: asuba wajen bakwai saura, rana ba ta fitowa sai bayan takwas, azahar bayan biyu, magariba kusan takwas. Daga nan muka bi tsarinsu. Mu fita da sassafe, mu ci abincin rana mai nauyi da suke kira menú del día, wanda ya fi sauƙin kuɗi, Baffa ya yi ƙailula, sai la'asar mu sake fita.

Batun abinci na buƙatar a buɗe ido sosai, domin naman alade ya ratsa girkinsu. Na haddace sin cerdo, wato ban da alade, na ɗauka ya wadatar. Aka kawo mana salmorejo, wata miyar tumatir mai kauri da ake sha da sanyi, abincin da garin ke alfahari da shi. Baffa ya ɗauki cokali ke nan na ga wasu jajayen ƴan yanka a sama tare da dafaffen ƙwai. Na riƙe hannunsa na tambayi mai kawo abincin. Ya ce jamón ne, busasshen naman cinyar alade, wanda su ba sa ma lissafa shi in an ce cerdo. Ya ba da haƙuri ya kawo sabo. Tun daga ranar na rubuta a takarda ina nunawa: sin cerdo, sin jamón, sin manteca, sin vino, ban da alade, da jamón, da kitsensa, da giya. Kifi, da wainar ƙwai da dankali, da soyayyen gauta mai zuma su suka riƙe mu, sai kuma gidajen abincin ƴan Maroko masu alamar halal. Turanci bai kai mu ko'ina ba in an bar otal. Gaisuwa da por favor da gracias sun fi buɗe mana fuskar mutane. Baffa ya ji daɗin jin cewa sukari azúcar suke ce masa, magajin gari kuma alcalde, tushensa ɗaya da alƙali namu.

Masallacin muka shiga da safe. Daga Litinin zuwa Asabar, tsakanin takwas da rabi zuwa tara da rabi, shiga kyauta ne kuma babu cunkoso. Tun a daren na zaunar da Baffa na gaya masa gaskiya: Sarkin Ƙurɗuba Abdurrahman na ɗaya ne ya fara ginin a wajen 785, amma tun 1236 da garin ya koma hannun Kiristoci wurin ya zama coci, har an gina babbar majami'a a tsakiyarsa, kuma ba a yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba. Na ce, "Baffa, don Allah ko raka'a biyu kada a tayar, masu gadi na lura." Ya ce ya ji.

Muka ratsa farfajiyar itatuwan lemo muka shiga. Ciki da duhu-duhu da sanyi. Ginshiƙai sama da ɗari takwas, kowanne ɗauke da baka biyu, ɗaya bisa ɗaya, ja da fari, duk inda ka juya sai ka ga kamar ba su da iyaka. Baffa bai tsaya ko'ina ba sai gaban mihrabin da Halifa Alhakam na biyu ya gina, wanda aka kewaye da shingen ƙarfe. Ayoyin da aka rubuta da ƴan duwatsu masu ruwan zinare suna nan, ya bi su da ido yana karantawa. Daga nan ya dafa sandarsa da hannu biyu, na ga leɓɓansa na motsi. Na matsa kusa, sai na ji karin nan na zauren gidanmu, a hankali ƙwarai, yadda ni kaɗai nake ji. Hawaye na bin gemunsa bai share ba. Wani mai gadi ya dube mu, ya ga dattijo ne a tsaye kawai, ya kau da kai. Azahar muka yi ta a wani ɗan masallaci da ke cikin lambun Colón. Madinatuz Zahra, birnin da Abdurrahman na uku ya fara ginawa a 936, kilomita takwas ne daga gari, amma a rufe yake ranar Litinin, sai Talata muka je.

Ishbiliya wucewa kawai muka yi, muka ga hasumiyar Giralda muka kwana.

A Garnaɗa mun isa ƙofar fadojin saura rabin awa, fasfo a hannu. A jikin bango, a kusan kowane ɗaki, an sassaƙa "Wa la galiba illallah", wato babu mai rinjaye sai Allah, ba adadi. A 1492 sarkin Musulmi na ƙarshe ya miƙa wa Kiristoci makullan garin. Baffa ya zauna a gefen farfajiyar zakuna goma sha biyu yana maimaita kalmar. A bakin babbar cocin garin kuma akwai mata masu miƙa wa baƙo reshen ganye kamar kyauta, in ka karɓa sai su riƙe hannunka su nemi kuɗi. No, gracias muka ce muka wuce.

Unguwar Albaicín tudu ce mai wuyar hawa, ƙafar Baffa ba za ta iya ba, sai muka shiga ɗaya daga cikin ƙananan jajayen motocin bas da ke ratsa lungunan. A can sama akwai masallacin da aka buɗe a 2003, da lambunsa da ke fuskantar Alhambra, duwatsun Sierra Nevada a bayanta. Nan muka yi Juma'a, muka sake komowa da yamma. Ladan ya hau hasumiya ya kira magariba da muryarsa, ba lasifika. A sahu, hagun Baffa wani Basifaniye ne, damansa ɗan Senegal. Da aka sallame Baffa ya ce in bar shi ya ɗan ƙara zama, na tsaya a bakin ƙofa da takalmansa a hannu har aka kunna fitilun fadar.