Daga zaure zuwa gidan fatoma

Duk lokacin da na ji ana yabon Airbnb, kamfanin da aka kafa a Amurka a 2008 domin mutum ya ba matafiyi hayar ɗaki a cikin gidansa, sai in tuna cewa saukar baƙo a gida tsohon al'amari ne a wurinmu, sai dai lissafinsa ya sha bamban.

Mafi sauƙin masauki shi ne zaure. Wanda dare ya yi wa a garin da bai san kowa ba yakan nufi ƙofar mai unguwa, a shimfiɗa masa tabarma, a ajiye masa buta, a fito da tuwo daga cikin gida, gari na wayewa ya yi godiya ya kama hanya, ba tare da an yi zancen kuɗi ba.

Gidan fatoma kuwa sana'a ce sosai. A da, fataken da ke bin hanyar Gwanja domin sayen goro a Salaga, a ƙasar Ghana ta yanzu, sukan sauka a wurin fatoma, wato mai masauki, ya ba su ɗaki da abinci da wurin ɗaure jakuna, ya adana musu kaya, ya haɗa su da dillali. Ba a kan ɗakin yake cin riba ba, a kan la'adar cinikin da aka ƙulla a hannunsa ne. A unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, masu gida sun riƙe wannan tsari a cinikin shanu, har sukan tsaya wa mahauci lamuni idan ya ɗauki sa bashi, domin baƙon da ya taho daga Arewa bai san wanda ke biya da wanda ke cinyewa ba. A ganina, wannan lamunin shi ne ainihin abin da baƙo ke nema, kwanan kuwa gyara ne kawai.

Kwanakin baya na kama ɗaki a wani gida a Abuja ta waya. Ɗakin tsaf yake, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga ruwan zafi, amma mai gadi ne ya miƙo mini makulli ta ƙaramar ƙofa, kuma har na yi kwana uku na tafi ban ga fuskar mai gidan ba, sai dai sunansa a kan shaidar tura kuɗi.